Dodon Bango da Albasar Galmi: Yadda Silima Ke Nuna Kimiyyar Gado

Kafin Bahaushe ya karɓi kalmar silima daga bakin Turawa, sai da ya raɗa wa abin sunaye nasa na kansa. Ya kira shi majigi, daga sunan wata fitila da ake haska hotuna da ita a jikin farin ƙyalle. Ya kuma kira shi dodon bango. Suna na biyun shi ya fi fito da abin da ke zukatan mutane a wancan zamani: ga abu yana motsi a jikin bango, yana magana, ba shi da jini ba shi da tsoka, kuma ba a san ta inda ya samu rai ba. An buɗe gidan silima na Rex a Kano a 1937, yau shekara kusan 90 ke nan, amma har gobe in masu shirya fim suka tashi nuna aikin masana kimiyya, musamman masu taɓa ƙwayoyin gadon halitta, dodo suke sa wa a bango. Ya kamata malamai da ƙungiyoyin raya al'adu na Madawa da Buza da Keita su san tarihin wannan dodo, domin kuwa yawancin ɗaliban yankin a fim suka fara ganin ɗakin gwaje-gwaje, da yawa kuma a fim ɗin kaɗai suka taɓa ganinsa.

Ba da dodo aka fara ba. Majigin farko da ya shiga ƙauyukan Hausa na hukuma ne. William Sellers, wani ma'aikacin kiwon lafiya a Ikko wanda aka ba shugabancin sashen fina-finan mulkin mallaka na Ingila a 1939, shi ya shimfiɗa tsarin: mota ta iso gari da injin wutarta, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna wa jama'a sauro da ɓera da ruwan sha da lamba. Labarin kusan kullum ɗaya ne, mutum biyu ne, mai hankali ya bi maganar likita ya tsira, wawa ya ƙi ya halaka. A cikin irin wannan fim kimiyya hukuma ce, ba ta kuskure, ba a kuma yi mata tambaya. A Nijar ma, lokacin da aka fara talabijin na makaranta a 1964, hoto malami ne. Amma a gidajen silima na birane, waɗanda kamfanonin COMACICO da SECMA ke kawo wa kaya, wani abu dabam ake kallo: kaboyi da Indiya da fina-finan Masar, daga baya kuma ƴan karate.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka lura da abin da wannan kallo ke yi wa matasa shi ne Mustafa Alasan, wanda ya yi ƙarshen rayuwarsa a Tawa, ya rasu a 2015. A cikin Le Retour d'un aventurier, fim ɗinsa na 1966, wani saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sauya sunaye, suka hau dawaki, suka hana ƙauye sakat. Abin dariya ne, amma maganar da ke ciki babba ce: mai kallo yana ɗaukar hula da bindiga ya bar duk abin da ya haifi labarin a ƙasar da aka yi shi. Abin da ya faru da kaboyi shi ya faru da masanin kimiyya.

Siffar masanin kimiyya ta fim tana da kaka, shi ne Frankenstein. Mary Shelley ta wallafa labarin a 1818, James Whale ya mai da shi fim a 1931: mutum ya kulle kansa a ɗaki, ya harhaɗa gaɓoɓin matattu, ya jawo wutar tsawa, abin ya tashi, sa'annan ya fi ƙarfinsa. Daga nan kowane zamani sai ya zuba tsoronsa cikin wannan ƙwarya. Bayan Hiroshima da Nagasaki, Japanawa suka fito da Godzilla a 1954, dodon da gwajin bam ya tayar daga ƙarƙashin teku. Da Amurkawa suka sake yin fim ɗin a 1998, sai suka ɗora laifin a kan gwaje-gwajen Faransa a tsibiran Folinesiya; ɗan Nijar da ya san abin da ake haƙa a Arlit tun 1971, ya kuma san an tayar da bam ɗin Faransa na farko a Reggane cikin Sahara a 1960, yana iya kallon farkon wannan fim da wani ido dabam. Sai kuma zamanin gado ya zo. A 1953 aka gano siffar sinadarin ADN, wato dogon zaren da ke cikin kowace ƙwayar halitta, wanda a jikinsa aka rubuta kamannin da ɗa ke gada daga iyaye. A 1973 Stanley Cohen da Herbert Boyer suka yanko wani guntu na wannan zare daga wata halitta suka dasa shi cikin wata, ya kuma yi aiki. Tun daga ranar masu fim suka samu sabuwar tsawa.

Wannan kaya ya iso Adar ne ta hannun kaset, a ƙarshen shekarun 1980 da cikin 1990, lokacin da ƴan cin rani ke dawowa daga Abijan da Ikko da Libiya da tele da bidiyo, aka kafa rumfunan kallo masu aiki da ƙaramin injin wuta. A nan akwai abin lura guda biyu. Na farko, yawancin masu kallo ba su jin Ingilishi, ba su kuma bin Faransancin da ake yi da sauri a fim, saboda haka gardamar da ke cikin magana takan wuce, hoto kaɗai ke tsayawa. Na biyu, mai kallo ba da wofin kai ya zo ba. A tatsuniya, haka kuma a fina-finan Hausa na Kano da suka fara da Turmin Danya a 1990, akwai mutum guda da aka sani da zama a keɓe, cikin kwalabe da hayaƙi, yana juya halitta, ana zuwa wurinsa a asirce, ƙarshensa kuma ba ya kyau. Boka ke nan. Da aka ga Bature da farar riga cikin kwalabe da hayaƙi, ba a sha wuyar gane shi ba. Sai aka fassara kimiyya da tsafi, aka ce tsafin Bature ne kawai ya fi tsabta.

Fim ɗin da ya fi kowane kafa wannan siffa shi ne Jurassic Park, wanda Steven Spielberg ya fitar a 1993 daga littafin Michael Crichton na 1990. Wani attajiri ya sayi tsibiri kusa da Kosta Rika. Masanansa suka samo sauro da ya maƙale cikin ƙaron itace tun zamanin dinozor, waɗannan manyan dabbobi da wasu ke kira kakannin ƙadangare, ƙaron ya daskare ya zama kamar dutse. Suka zuƙo jinin da ke cikin sauron, suka ciro zaren gado, inda ya tsittsinke suka cike da na kwaɗo, suka ƙyanƙyashe dabbobin. Duka mata suka yi su, don kada su hayayyafa ba da izini ba. Amma wani masani a cikin fim ɗin ya tarar da ƙwai a daji, ya tuna cewa akwai kwaɗin Afirka ta Yamma da ke iya juyewa daga mace zuwa namiji. Ta bakin kwaɗo ke nan yammacin Afirka ya shiga labarin. Da Mustafa Alasan aka tambaya, shi da ya yi ta zana kwaɗi suna sarauta suna kokawa a fina-finansa, da ya ce daman kwaɗo ba abin rainawa ba ne.

Dabarar tana da daɗin ji, amma ba ta yiwuwa, kuma dalilin abu ne da malamin kimiyya zai iya bayyanawa cikin minti biyar. Zaren gado yana ruɓewa bayan mutuwa. Wani bincike da aka yi a 2012 a kan ƙasusuwan tsuntsun moa na ƙasar Niyu Zilan ya nuna cewa rabin mahaɗan zaren kan karye cikin shekara 521. Mafi tsufan ADN da aka iya karantawa, wanda aka samo a daskararriyar ƙasar Girinlan aka bayyana a 2022, shekararsa miliyan 2 ne. Dinozor kuwa sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Tsakanin 2 da 66 babu gadar da kwaɗo zai gina.

Abin da ya fi wannan ban sha'awa shi ne, dodannin da ake nunawa a bango, wasunsu ƴan gida ne. A Gadufawa, cikin Tenere, Philippe Taquet ya tono Ouranosaurus nigeriensis, aka ba shi suna a 1976. Ayarin Paul Sereno ya fito da Suchomimus a 1998, da Nigersaurus da Jobaria a 1999. A kashi na uku na Jurassic Park, na 2001, lokacin da masana biyu ke ƙoƙarin gane dabbar da ta kai musu hari, sunan farko da ƙaramin ya ambata shi ne Suchomimus, wato dabbar Tenere. Jihar Tawa kuwa tata dukiyar ta ruwa ce. Shekaru miliyan 70 da suka wuce wani hannun teku ya ratsa Sahara, ya kwanta a kan inda Adar take a yau. Shi ya sa makiyayi ke tsintar katantanwar teku da ta zama dutse a kan tsaunukan Keita da Buza, shi ya kuma bar farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Malbaza. A cikin wannan teku akwai manyan ƙadangarun ruwa da masana ke kira mozazor. An samu ɗaya a dutsen Igdaman kusa da Kawo, aka sa masa suna Igdamanosaurus a 1991. An samu wani a Goronyo ta ƙasar Sakkwato, masanan Italiya suka sa masa Goronyosaurus a 1972. Yaron da ya ga katafaren dodon ruwa ya yi tsalle ya haɗiye kifi a Jurassic World na 2015, ba ya sanin cewa dangin wannan dabba suna kwance ƙarƙashin ƙasar jiharsa. Da an faɗa masa, da fim ɗin ya zame masa ƙofar ilimin ƙasa. Ba a faɗa masa ba, sai ya tashi da tsoro kawai.

To, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Mai kallo yakan tuna haƙora, ya manta yadda aka yi shinge ya buɗe. Ba masani ne ya haukace ba. Wani ma'aikacin kwamfuta ne, mai ganin ba a biyansa daidai wahalarsa, wani kamfani abokin gasa ya saye shi da dala miliyan ɗaya da rabi, ya kashe wutar shinge don ya saci ƙwayayen dabbobin a cikin gwangwanin kumfar aski. Haka nan, ban da yin dabbobin duka mata, an gina su yadda ba za su rayu ba sai da wani sinadari da kamfanin ke sa musu a abinci. Wato tun daga tushe labarin mallaka ne: wa ke da abu mai rai, wa ke da ikon hana shi haihuwa? Wannan ba ƙirƙirar Crichton ba ce. A 1980 kotun ƙolin Amurka ta yarda a ba Ananda Chakrabarty takardar mallaka a kan wata ƙwayar bakteriya da ya sauya. A 1998 kamfanin Delta and Pine Land tare da ma'aikatar noma ta Amurka suka samu takarda a kan dabarar yin irin shuka da zai ba da amfani sau ɗaya, ƴaƴansa kuma ba su tsira in an shuka. Masu adawa suka laƙaba wa dabarar suna Terminator, daga fim ɗin 1984 na jarumin da masu kallo a ƙasar Hausa suka fi sani da Kwamando. Ba a taɓa sayar da irin ba, domin duniya ta yi ca, amma sunan ya zauna. A nan fim ne ya ba gardamar gaskiya harshenta.

Wannan gardama ta iso ƙofar Madawa, ba tare da haƙori ko ɗaya ba. Albasar Galmi, ja mai yaji, mai jure ajiya a rudu, wadda ake nomawa a kwarin Majiya da kwarin Tarka da fadamun Keita, ake lodinta zuwa Abijan da Akara da Kwatano, aikin hannun manoma ce. Su suka yi ta zaɓen kan da ya fi kyau suna barinsa ya yi iri, kaka da kakanni, kafin masu binciken noma su tace ta su rubuta ta da sunan Violet de Galmi. A 2006 wani sabon sashe na yarjejeniyar Bangi ya fara aiki a ƙasashen OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha mai mazauni a Yawunde, wadda Nijar ke cikinta. Sashen ya ba da damar mallakar irin shuka. Ba da jimawa ba kamfanin Tropicasem na Senegal ya shigar da takardar neman haƙƙi a kan iri mai wannan suna. Labarin ya bazu a 2009. Ƙungiyar masu sana'ar albasa ta ANFO da ƙungiyoyin manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye, suna cewa ba za a yi kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba. Kamfanin ya janye sunan, ya koma neman haƙƙi da sunan Violet de Damani. Sai a 2023 aka miƙa wa Nijar takardar OAPI mai ɗaure sunan albasar Galmi da ƙasar da ta haife ta, tare da ta kilishi.

A lura, babu wanda ya taɓa ƙwayar gadon albasar nan. Ba OGM ba ce, ba a dasa mata komai ba. Duk rigimar a kan takarda aka yi ta, a ofis, cikin harshen lauyoyi, da kuma ba a farga ba da sai manomin Tarka ya wayi gari sunan irin kakansa yana hannun wani. Wanda fim ya koya wa cewa haɗarin kimiyyar gado dodo ne mai ruri, ba zai gane shi ba in ya zo cikin ambulan. Akwai kuma ruɗanin da ke biyo baya: irin kayan lambu na gwangwani da ake kira ibrid, wanda in an ajiye ƴaƴansa aka shuka ba su fitowa kamar uwarsu, mutane da yawa suna ɗaukarsa OGM ne, alhali barbara ce tsakanin iri biyu, dabarar da ta girmi aikin Cohen da Boyer da shekaru masu yawa.

Sai a 2022 masu Jurassic suka fito da maganar fili. A cikin Jurassic World Dominion, mutumin nan da ya ba da gwangwanin aski a 1993 ya zama shugaban kamfanin Biosyn, masanansa suka ƙera fara mai girman damtse, tana cinye gonakin kowa tana tsallake waɗanda aka shuka da irin kamfanin. Masu sharhi a Turai da Amurka sun yi ta gunaguni, wai sun biya kuɗi don su ga dinozor aka nuna musu ƙwari. Manomin Keita ba zai yi wannan gunaguni ba. Ya ga farar 2004, ya ga yadda ruwa ya ɗauke da wuri a wannan damina, ana kukan targaɗe sai ga karaya, ya kuma ga 2005, lokacin da farashin buhun hatsi ya ninka, aka buɗe wuraren ciyar da yara masu tamowa a Keita da Madawa da Buza. Fara ita ce dodon da ya sani. Sai dai farar 2004 ba wanda ya ƙera ta. Ruwan sama mai yawa a wuraren da take ƙwai ne ya haifar da ita, jinkirin kawo agaji kuma ya ba ta fili. Haɗarin irin wannan fim shi ne ya sa duk masifa a nemo mata kamfani, a daina tambayar abin da ya hana a yi feshi a kan lokaci.

Ba a ce zargin ba shi da tushe ba. Fina-finan Indiya, waɗanda yanzu ɗakunan fassara na Kano ke juyawa zuwa Hausa ana tura su daga waya zuwa waya, su ma sun ɗauki wannan hanya. A Krrish 3 na 2013, mugun yana haɗa mutum da dabba a ɗakin gwaji, yana ƙera cuta ya sake ta a Namibiya, sa'annan ya sayar da maganinta. Wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996 ba zai yi dariya ba. A lokacin annobar sanƙarau ta wannan shekara, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, cikin yara 200, rabinsu aka ba sabon maganin, rabi wani tsoho. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya sasanta da jihar Kano a kan dala miliyan 75. Mutane da yawa sun ga inuwar wannan al'amari a The Constant Gardener na 2005, ko da yake a Kenya aka kafa labarinsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna bisa jita-jitar cewa an sa masa maganin hana haihuwa, ba a koma ba sai tsakiyar 2004, cutar kuwa ta ƙetara iyaka, ta shiga Nijar da wasu ƙasashe kusan 20, ta shanye ƙafafun yaran da ba su san Trovan ba. Fim bai haifi wannan tsoro ba. Amma yana ciyar da shi, domin a bango ba a bambance gwajin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba da allurar da aka riga aka tabbatar.

Akwai fim guda da ya bar dodo ya kama mutum, shi ne Gattaca na Andrew Niccol, 1997, shekarar da aka sanar da haihuwar tunkiya Dolly. Sunansa ma daga haruffa huɗu na zaren gado aka haɗa shi. A duniyar wannan fim, da an haifi jariri ake ɗiga jininsa a na'ura, ta faɗi cututtukan da zai yi da shekarun da zai kai, daga nan kuma an yanke masa aikin da zai samu da wadda zai aura. Ba shi da farin jini a rumfunan kallo, don ba a harbi a cikinsa, amma shi ya fi kusa da gidajen Adar. Amosanin jini, wato sikila, cutar gado ce tsantsa: harafi ɗaya ne ya sauya a cikin zaren. Ana ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar a wannan yanki yana ɗauke da rabin gadon ba tare da ciwo ba, in kuma biyu irinsu suka yi aure, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. Inda auren zumunci ke da ƙarfi, lissafin ya fi tsanani. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwajin jini kafin aure. Gwajin alheri ne, yana hana kuka. Amma tambayar Gattaca tana nan: yarinyar da aka san sakamakonta a gari, wa zai kare ta daga a mai da ita wadda ba a nema? Tunde Kelani ya taɓa wannan a Dazzling Mirage na 2014. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin farko da ke gyara zaren gadon mai sikila da almakashin CRISPR. Ga kimiyyar da fim ya ce dodo za ta haifa, ta haifi waraka. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda, abin da ya haura sefa biliyan ɗaya, yawancin masu cutar kuwa a Afirka suke.

Kimiyyar da ta taɓa Adar da hannunta ba ta da farar riga. A kwarin Majiya ta ƙasar Buza, tun 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka jera layukan dogon yaro don karya iska. A Keita, daga 1984, aikin da Italiya ta biya kuɗinsa, FAO ta gudanar, ya auna gangaren tsaunuka, aka yi ganuwar duwatsu da ramukan tare ruwa da madatsai, aka dasa itatuwa miliyoyi, kuma mafi yawan masu ɗaukar dutsen mata ne, ana biyansu da abinci. Aiki ne na awo da jira da gyara kuskure, shekara bayan shekara. Silimar kasuwa ba ta san abin da za ta yi da irin wannan ba, don babu daren da abu ya ƙwace. In aka cire irin su The Boy Who Harnessed the Wind na 2019, labarin yaron Malawi da ya ƙera injin iska ya jawo ruwa, da wuya a ga baƙar fata yana bincike a bango, balle a ga irin Abdu Mumuni Diyofo, ɗan Tasawa, da ya ba da ransa ga nazarin hasken rana.

Irin da aka sauya wa gado kuwa ya riga ya iso maƙwabta, kuma abin da ya faru da shi bai yi kama da fim ba. Burkina Faso ta fara noman audugar Bt ta kamfanin Monsanto a 2008, ta bar ta a 2016. Ba wanda audugar ta cinye. Zarenta ne ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwa, kamfanonin auduga suka ce ba su iyawa. A Zariya, cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar da wake mai suna SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, wanda aka dasa wa gadon wata bakteriyar ƙasa don ya kashe tsutsar da ke cin fure da kwanso. Masu shi sun ce yana rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu, an kuma ba da gadon ba tare da kuɗin haƙƙi ba, manomi yana iya ajiye iri. Masu adawa suna tambayar wa zai sa ido in tsutsar ta saba, da abin da zai sami waken gida in suka yi barbara. Duka tambayoyin na gona ne da na kasuwa, ana iya auna su. Nijar tana cikin manyan masu noman wake a duniya, mafi yawan abin da take fitarwa kuma Najeriya yake tafiya, ta hanyoyin da iri ma ke bi ya dawo. Daga Madawa zuwa iyaka tafiyar ƙasa da awa guda ce a kan babur. Ranar da waken Samaru ya ƙetaro, a cikin buhu zai zo, fari kamar sauran wake, kuma mai awo da tiya a kasuwar Madawa ba shi da hanyar bambance shi da na gida.